Wane itace za mu dasa a tsakar gida?

A Faransa da Ingila akwai wani itace mai ganye mai ƙaya da jajayen 'ya'ya. Faransawa suna kiransa houx. Mutane suna dasa shi a bakin gida, domin ganyensa ba ya zuba ko da sanyi ya tsananta. Amma itacen ƙasar sanyi ne, ba ya son zafi irin na Kumasi. To, mu wanne za mu dasa?

Ku dubi gidajenmu na zango, a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango. Ɗakuna sun yi yawa, tsakar gida kuma ƙarama ce. A nan ake girki, a nan ake wanki da shanya, a nan ƙannenku suke wasa. Saboda haka itacen da za a dasa, sai ya zama gajere, mai kore kullum, wanda ba ya ba mutane wahala.

Darbejiya tana da inuwa, amma girmanta ya fi ƙarfin tsakar gida. Saiwarta tana iya tsaga daɓe da bango. Cin-da-zugu kuwa, 'ya'yansa guba ne. Idan yaro ya ci, sai amai da zawo. Kada a dasa shi inda yara suke wasa.

Lalle ya fi dacewa. Da Faransanci ana ce masa henné. Idan aka ƙyale shi, yana wuce tsawon mutum nesa, amma idan ana aske masa kai, sai ya tsaya daidai ƙirjin babba, ya yi duhu. Ganyensa ƙanana ne, ba ya cika gida da shara. Furensa yana da ƙamshi, musamman da yamma. Ganyen da aka aske ma ba a zubarwa. Iya takan shanya shi a inuwa, ta daka, ta tankaɗe, ta ajiye don ƙunshin salla ko na biki.

Dashensa ba wuya. A yanko reshe mai ƙwari, tsawon kamu ɗaya. A soke shi a ƙasa da farkon damina, wajen watan Maris ko Afrilu, a wurin da rana take bugawa sosai. Idan an yi wa gidan daɓen siminti, sai a cika rabin duro da ƙasa da taki. Kada a manta a huda gindin duron! Ruwan sama yana da yawa a Kumasi, lalle kuwa ba ya son ruwa ya kwanta masa. Saiwar takan ruɓe, dashen ya mutu.

Da hunturu, a riƙa ba shi ruwa kaɗan, don kada ya zubar da ganye. Kafin ya yi ƙarfi kuma, a kewaye shi da tsohon kwando, saboda awaki da tumakin maƙwabta.