Shin Ko Kun San? 'Yan Matan Hollywood Masu Farautar Attajirai

Shin ko kun san cewa fim ɗin Amurka yana buɗe baki ya kama zancen auren jari? A 1927 kamfanin Warner Bros ya fito da The Jazz Singer, inda 'yan kallo suka ji muryar ɗan wasa tana tafiya tare da hotonsa. A 1929 kuma ya saki Gold Diggers of Broadway, labarin 'yan rawa na birnin New York masu ɗana wa attajirai tarko. Tsohon labari ne: Avery Hopwood ya rubuta shi don dandamali tun 1919, an kuma yi fim ɗinsa marar magana a 1923.

Ko kun san akasarin wancan fim na 1929 ya salwanta? Mai kala ne, amma sautinsa a kan faifan garmaho aka naɗa, ana kunna shi daidai da majigi. Faya-fayan sun tsira, hoton kuwa sai guntaye. Yau ana iya sauraron fim ɗin, amma ba a iya kallonsa cikakke.

Shin ko kun san cewa gwanin cikin jerin finafinan da suka biyo bayansa, Gold Diggers of 1933, ya fito ne lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi? Da Ginger Rogers aka buɗe shi, ita da jerin 'yan mata sanye da kayan da aka yi da sulalla, suna waƙar kuɗi sun samu. Ba su kai ƙarshe ba jami'ai suka dira suka kwashe kayan wasan, wai bashi ya yi wa mai shirin katutu. Daga nan sai ga 'yan rawa uku, taurarin fim ɗin, a ɗaki guda, ana satar madarar maƙwabci don karin kumallo, rigar zuwa neman aiki ma sai da aka ara. A ganina duk wanda ya kira su masu idon cin dala bai kalli wannan ɗakin da kyau ba. Kuɗin haya suke nema.

Kuma ba su ne suka fara tsokana ba. Wani attajiri ne ya taso daga Boston shi da lauyansa, don ya raba ƙanensa da 'yar rawa, yana cewa duk irinsu makwaɗaita ne. Sai ƙawayen suka ce bari su nuna masa kwaɗayin, suka dinga sa su biyan kuɗin huluna masu tsada. Ƙarshenta shi da lauyan duk a hannun 'yan rawar suka ƙare da aure.

Ko kun san wanda ya tsara raye-rayen, Busby Berkeley, tsohon hafsan soja ne da ya saba shirya fareti a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya? Shi ya sa yake jera mata sahu-sahu, ya ɗaga kyamara can sama ta leƙo su suna buɗewa suna rufewa. Ana cikin ɗaukar rawar goge masu fitilu girgizar ƙasar Long Beach ta auku, ranar 10 ga Maris, 1933.

Shin ko kun san fim ɗin ban dariya ne amma da kukan tsofaffin sojoji aka rufe shi? Joan Blondell da baƙar mawaƙiya Etta Moten suka yi waƙar rufewar, aka nuna mazajen da suka dawo daga yaƙi suna layin karɓar abinci. Shekara guda kafin nan, a 1932, sojoji suka tarwatsa dubban tsofaffin mayaƙa da suka yi zaman dirshan a Washington suna neman haƙƙinsu. Masu kallo ba su manta ba.

Daga Yulin 1934 aka tsaurara dokar tace finafinai a ƙarƙashin Joseph Breen, aka rage tsiraici da maganganun batsa. Duk da haka jerin finafinan Gold Diggers ya ci gaba: waƙar Lullaby of Broadway ta cikin na 1935 ta ci lambar Oscar, na ƙarshe kuma, Gold Diggers in Paris, ya fito a 1938.