Rawani ɗan Kura: Tufar da wanki ke lalatawa

A yau idan aka ambaci Kura da Bunkure a jihar Kano, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne shinkafa da alkama da tumatir da ake nomawa a Kadawa, da ruwan madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974.

To amma tun kafin noman rani na zamani, sana'ar rini ce ta kai sunan Kura har tsakiyar Sahara. Daga sunan garin ne aka samo sunan rawanin nan baƙi mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Murzuk, har zuwa Tarabulus.

Daga ina ƙyallin yake?

Ana saƙa turkudi da rawani ɗan Kura ne ƙwarya-ƙwarya, sirara ƙwarai, sannan a ɗinke su wuri guda.

A marina, ana jiƙa baba da toka a cikin rami mai zurfi, a bar shi kwanaki har ya ruɓa ya nuna. Sai a yi ta tsoma tufar ana fitarwa. Tana fitowa da launin kore-kore, iska ce ke mayar da ita shuɗiya, kuma yawan tsomawa ne ke sa ta yi duhu.

Daga nan sai mabuga, inda ake sa mata shuni a ɗora a kan gungumen itace a yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli.

Ke nan ƙyallin a saman zaren yake zaune, bai shige cikinsa ba. Shi ya sa yake zuba a fatar mai sanye da shi, har Turawa suka laƙaba wa Abzinawa sunan shuɗɗan mutanen Sahara.

Sawa da adanawa

A ƙasar Hausa an fi ganin ɗan Kura a kan sarakuna da hakimai, musamman lokacin hawan Sallah. Abzinawan Agadez da kewaye kuwa suna naɗa shi tare da amawali mai rufe baki da hanci a ranakun buki, matansu kuma su yafa turkudi.

Babban kuskuren da sabon mai saye kan yi shi ne kai shi wanki. Ruwa da sabulu suna tafiya da shunin da aka buga, su bar tufar ta dushe, alhali ƙyallin ne aka saya da tsada.

Don haka bayan an sa shi, sai a shanya shi a inuwa ya sha iska, a mayar da shi kan ninkinsa na asali, a naɗe cikin takarda, a ajiye inda babu laima, nesa da fararen kaya. Idan ya dushe, mabuga ake mayar da shi, ba a goge shi da dutsen guga.

Yadagunan da aka ɗaure da zare kafin a rina, irin waɗanda ake yi a marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, su ana wanke su, amma da ruwan sanyi, su kaɗai, kuma a shanya a inuwa.

Takwaransa a Indiya

Masu kallon fina-finan Indiya sun saba ganin irin wannan rini na ɗauri a jikin sari. Ana kiran sa bandhani, daga kalmar da ke nufin ɗaurewa, kuma an fi yin sa a jihohin Gujarat da Rajasthan.

Ana tsinto yadin ne kaɗan-kaɗan da farce a ƙulle da zare, wani lokaci ƙulli dubbai a sari guda. Inda aka ƙulle rini ba ya shiga, sai ya fito ɗigo-ɗigo.

Sari yakan kai tsawon mita biyar da rabi ko fiye. Mace kan soke bakinsa a cikin siket na ciki, ta kewaya ƙugu, ta tattara ninki a gaba, sannan ta yafa ragowar a kafaɗar hagu. Mai iya ɗaura lafaya ba za ta sha wuyar koyo ba.

Shi ma yana da nasa sharaɗin: guga mai zafi na kashe tamojin da ƙullin ya bari, wanda shi ne shaidar aikin hannu. Na siliki kuwa ba a jiƙa shi a gida.

Makomar sana'ar

Tun daga 1897, lokacin da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, noman baba ya shiga ja da baya a Indiya, daga bisani kuma a Afirka ta Yamma.

Marinan Kura sun ƙara fuskantar gogayya daga yadin waje mai araha. Farin shekarun 1970 da 1980 ya hallaka dabbobin Abzinawa, manyan masu sayen hajarsu, yayin da rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2019 da kuma 2023 ya kawo cikas ga fatauci tsakanin ƙasashen biyu.

Sana'ar ta dogara ne a kan masaƙi da maɗinki da marini da mabugi, kuma idan ɗaya ya ajiye aiki sauran ma sun tsaya. Duk rawanin da aka mayar mabuga a maimakon a jefar, aiki ne ya samu ga ɗaya daga cikinsu.