Hasken da Ke Ɗinke Kansa



Wanda duk ya taɓa haska tocila da dare ya san halin haske. Yana fita a dunƙule, yana yin nisa yana bazuwa. In kuma ka gitta yatsa a gabansa, inuwar yatsan za ta bi shi har bango. Leza ma, da duk tsininta, ba ta tsira daga wannan ba, bazuwarta ce kawai ba ta da sauri.

A shekarar 1987, masana uku a Jami'ar Rochester ta Amurka, Durnin da Miceli da Eberly, suka samar da wani haske da tsakiyarsa ke tafiya mai nisa ba ta faɗaɗa ba. Ana kiransa hasken Bessel, da sunan Friedrich Bessel, Bajamushe masanin taurari da ya rasu a 1846, domin da lissafinsa ake bayyana siffar hasken. In ya sauka a bango, za ka ga ɗigo mai ƙyalli a tsakiya, zobba na kewaye da shi ɗaya bayan ɗaya, tamkar saƙar faifai.

Abin mamakin ya ƙara fitowa a 1998, lokacin da Bouchal da abokan aikinsa a ƙasar Cek suka tare tsakiyar hasken da wani ɗan abu. Inuwa ta bayyana, amma ba ta yi nisa ba. Can gaba kaɗan sai ga ɗigon ya dawo da zobbansa, kamar ba a taɓa shi ba.

To, yaya aka yi? Ku ba ni hankalinku a nan. Yawanci ana ratsa leza ne ta cikin wani gilashi mai tsini kamar kan bukka, ana ce masa aksikon. Gilashin yana karkato hasken daga kowane gefe zuwa tsakiya. Saboda haka ɗigon da ake gani a wuri guda, da wanda ake gani taku ɗaya a gaba, haske daban-daban ne ya haɗa su, kowanne ya gangaro daga gefe. Kamar kogi ne da ƙoramu ke zuba a cikinsa dama da hagu duk tsawonsa: ko ka datse shi a nan, na gaba za su sake cika shi. Shi ya sa ni na fi son in ce hasken yana ɗinkewa, a kan a ce yana warkewa. Abin da aka tare ya tafi ke nan, na gefe ne suka rufe gurbin.

Kuma ba a banza ake samun haka ba. Kowane zobe yana ɗauke da ƙarfi kusan daidai da na tsakiyar, don haka in zobba sun yi yawa, rabon ɗigon kaɗan ne. In shingen ya yi girman da ya rufe zobban, magana ta ƙare.

Duk da haka amfanin ya bayyana da wuri. A 2002, ayarin Kishan Dholakia a Jami'ar St Andrews ta Sikotland suka riƙe ƙananan ƙwayoyi a wurare daban-daban da haske guda, ya kama ta farko, ya ɗinke, ya wuce ya kama ta gaba. A 2010, masana a Freiburg ta Jamus suka nuna hasken Bessel yana kutsawa cikin abu mai duhu-duhu irin fatar mutum fiye da leza ta yau da kullum, abin da ya taimaki madubin binciken ƙwayoyin halitta.

Akwai ɗan'uwansa, hasken Airy, wanda Siviloglou da Christodoulides suka samar a Florida a 2007. Shi tafiyarsa a lanƙwashe take, kamar dutsen da aka jefa, kuma shi ma yana ɗinkewa. Daga nan ne a 2010 Efremidis da Christodoulides suka kawo dabarar lanƙwasa shi ya zama zobe. Zoben yana tafiya da rauni, yana tsukewa a hankali, sai kwatsam ya tattaru a wuri guda da ƙarfi ninkin-ba-ninkin, ba tare da gilashin tattara haske a gabansa ba. Wannan ne ya fi burge ni, domin fatan da ake yi shi ne a ƙona abin da ake nufi a cikin jiki ba tare da an cutar da naman da hasken ya ratsa ba. Har yanzu ana kan bincike a kai.

Nahiyarmu ma tana cikin wannan fage: ɗakin binciken Farfesa Andrew Forbes a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg ya yi suna a duniya wajen sarrafa siffar haske. Ɗalibanmu masu karatun fiziya, ku nemi ayyukansa ku karanta.