Tulu, Caki da Waliyya Teresa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Bekaji da safiyar Lahadi ya ga abin da zan faɗa: mata cikin anko, rosari a hannu, ana cika Keke ana nufar coci. Wasu na kusa da gida za su, wasu kuwa sai babbar majami'ar St. Theresa da ke nan Jimeta, mazaunin bishop ɗin Katolika na Yola.

Lokacin da limaman ɗariƙar Agustin 'yan Ireland suka yada zango a Sugu kusa da Ganye a 1940, da Latin ake Misa. Fada na karantawa, jama'a na sauraron abin da ba su ji. Sai a 1963 babban taron Vatikan ya buɗe ƙofa ga harsunan mutane da kiɗansu. To, a nan mata suka nuna gwaninta. Ku leƙa inda Zumuntar Mata Katolika ke waƙa: wata ta ɗora tulu a gabanta tana buga bakinsa da soso, wata na kaɗa caki, wata na riƙe da kuge. Guda ta ba da waƙa, sauran su amsa, da Hausa, wani lokaci da harshen gida. Ni dai a kunnena, molo mai lantarki da matasa suka shigo da shi yakan danne muryar tulun nan, kuma asara ce.

Wace ce Teresar da majami'ar ke ɗauke da sunanta? 'Yar Faransa ce, ta yi zaman ibada a gidan sistoci a garin Lisiyo, tarin fuka ya yi ajalinta a 1897 tana da shekara 24. Ba ta taɓa fita yawon bishara ba, amma a 1927 Paparoma Pius na 11 ya naɗa ta uwar masu aikin bishara. Koyarwarta ita ce a yi ƙaramin aiki da babbar ƙauna. Ɗan Katolika zai ce maka ba bauta wa waliyyai yake ba, roƙonsu yake su taya shi addu'a.

A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, dubban mutane daga can da Michika da Madagali suka kwararo harabar wannan majami'a, Kirista da Musulmi. Aiki ya koma na tabarma, hatsi da tukunyar tuwo. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza na Yola ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi da ke ƙaramar hukumar Girei domin waɗanda suka kasa komawa gida, da makaranta da coci, har da masallaci. Masallacin ya jawo masa surutu daga wasu Kiristoci, amma ya tsaya a kan cewa Musulmin da suka gudo tare da su ma suna buƙatar wurin sallah.