Zuwa Kusugu da Hawan Dala Ba Bautar Gumaka Ba Ne

Na gaji da wata magana da ke yawo a majalisu da wayoyin mutane, wai duk wanda ya kai 'ya'yansa Rijiyar Kusugu ko ya hau Dutsen Dala ya taɓa shirka, tunda wuraren maguzawa ne. Da wannan hujja wasu iyaye ke hana ɗalibai fita, har ka ga yaro haifaffen Daura ya gama sakandare bai taɓa leƙa rijiyar da aka ce Bayajidda ya kashe macijiya a cikinta ba.

A dubi Koriya ta Kudu, ƙasar da mafi yawanta duwatsu ne. A gandun dajin Gayasan, wanda gwamnati ta keɓe a 1972, akwai wurin ibadar mabiya Buddha mai suna Haeinsa, inda aka adana allunan katako sama da 80,000 da aka sassaƙa wa rubutu tun ƙarni na 13. Ƙidayar 2015 ta nuna fiye da rabin 'yan ƙasar ba su bin wani addini, Kiristoci kuma sun fi mabiya Buddha yawa. Amma duk ƙarshen mako tsofaffi da matasa na ɗaukar sanduna su hau dutsen Gayasan. Kirista ya hau, ya kalli allunan, ya sauko da addininsa.

To mu da me suka fi mu? Barbushe ya yi tsafinsa a Dala, ya shuɗe. Wanda ya hau matakalar dutsen yau, haki zai yi, ya ga Kano shimfiɗe a gabansa. Alƙur'ani ma ya kwaɗaitar da mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda na baya suka ƙare. Wanda ya cika jarka da ruwan Kusugu yana ƙudurta cewa shi ke ba da haihuwa, wannan malamai su yi masa nasiha. Ina ruwan malamin makarantar da ya kawo yara su ga tarihi?

Ɓarnar da ta cancanci hayaniya daban take: masu rubuta sunansu da fenti a jikin duwatsu, da masu fasa su don tsakuwa. Zanen shanun da mutanen dā suka bari a duwatsun Birnin Kudu, in ya goge, babu mai maido shi. Sakacin hukuma kuwa kowa ya san shi.

In za ka hau dutse, fita bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, musamman a watannin bazara. Sa takalmi mai kama ƙafa, silifas zai yar da kai. Riƙe ruwa, ledar kuma ta dawo a aljihunka. Kada ka zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse, macizai da kunamu na nan. Da damina dutse santsi yake yi, a dakata. In wurin a daji yake, fara gaida mai unguwa, ka tambayi lafiyar hanya, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, kuma kada ka tafi kai kaɗai.