Juyen Ƙwaƙwalwa Lokacin Faɗuwar Cibiyar Kwamfuta: Matsalar Ajiye Rahoto

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu duba dalilin da ya sa kwamfuta takan mutu farat ɗaya ba tare da ta bar bayanin abin da ya kashe ta ba. Tambayar tana da nauyi: ranar 19 ga Yuli 2024, wata gyara maras kyau ta kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci masu Windows wajen miliyan 8 da rabi, aiki ya tsaya a filayen jiragen sama da asibitoci. A irin wannan hali, abin da injin ya rubuta kafin ya mutu shi masana ke fara nema.

Ga kalmomin da muka zaɓa. Cibiya ita ce abin da Faransanci ke kira noyau, wato sashen manhaja mai iko da dukan kayan injin. Kundi shi ne journal, inda ake jera saƙonni bi da bi. Juye kuwa shi ne vidage, wato kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki a zuba shi a faifai.

2. Tushen matsalar

A tsarin Linux, cibiya ba ta rubuta kundinta a faifai da kanta. Tana ajiye saƙonni ne a wani ɗan wuri cikin ƙwaƙwalwar aiki, sannan wata manhaja dabam, kamar syslogd ko journald, ta kwashe su. In cibiya ta faɗi, wannan manhaja ba ta sake motsi. Saƙonnin ƙarshe, waɗanda su ne mafi amfani, sai su tsaya a ƙwaƙwalwar da ke shafewa da zarar wuta ta yanke.

Bugu da ƙari, sashen da ke sarrafa faifai yana cikin cibiyar da ta lalace, mai yiwuwa ma shi ne mai laifin. In aka bi ta hannunsa, ana iya ɓata takardun da ke lafiya.

3. Dabarun da ake bi

Tsarin BSD yana zuba juyen a sashen faifan da ake kira swap. In injin ya tashi, manhajar savecore ta mayar da shi /var/crash. Windows yana yin kusan haka da takardar pagefile, daga baya a sami MEMORY.DMP.

Linux ya bi wata hanya tun 2005, da dabarar kdump. Tun tashin farko ake keɓe wani yanki na ƙwaƙwalwa, a ajiye cibiya ta biyu a ciki. Ta farko na faɗuwa, ta biyu ta karɓi iko, ta ga tsohuwar ƙwaƙwalwa a matsayin takarda mai suna /proc/vmcore, ta kwafe ta. A 2011 an ƙara pstore, mai ajiye layukan ƙarshe na kundi a wurin da sake tashi ba ya shafewa.

4. In juyen kansa ya kasa

A nan ne matsalar ta ninka. Fili yana iya ƙarewa a faifai. Yankin da aka keɓe yana iya yi wa cibiya ta biyu kaɗan. Agogon tsaro yana iya sake tayar da injin kafin a gama rubutu. Duk wannan yana faruwa a lokacin da babu mai rubuta kundi, ke nan ga faɗuwa biyu, ba rahoto ko ɗaya. Windows yakan jira sai bayan tashi ya rubuta saƙo mai lamba 161 daga volmgr, cewa juye bai samu ba. A Linux akan tura saƙonni kai tsaye zuwa wani inji ta waya ko ta netconsole, don shaida ta zauna a hannun wanda bai mutu ba.

5. Kammalawa

Mun ga cewa juye aiki ne da ake nema daga injin da ya riga ya rasa hankalinsa. Saboda haka ya kamata mai kula da kwamfutoci ya jarraba tsarinsa tun ana lafiya: a Linux, rubuta harafin c a /proc/sysrq-trigger yana kayar da cibiya da gangan. In bayan tashi babu juye a /var/crash, sai a duba girman yankin da aka keɓe da filin da ya rage a faifai, a sake gwadawa.