Yadda aka dawo da muryar cocin Notre-Dame

Gobarar 15 ga Afrilun 2019 ta cinye rufin cocin Notre-Dame da ke Paris, amma babban ogan ɗinsa, wato abin kiɗan nan mai bututu kusan 8,000, bai ƙone ba. Ƙurar dalma mai guba ce ta lulluɓe shi. A 2020 aka kwance shi, aka wanke bututun, aka sauya fatun tumakin da ke riƙe iska, kamar dai zugazugin maƙeri.

Ni kam saita sautin ne ya fi burge ni. Sai dare ya tsala, hayaniyar ma'aikata ta ɗauke, sannan gwanayen su bi bututun ɗaya bayan ɗaya da kunne. Watanni fa ana haka! Ranar 7 ga Disamban 2024 ya sake amo a gaban jama'a.